Sunayen Wando a Harshen Ingilishi da Inda Suka Samo Asali

Mu Hausawa kalma guda mu ke da ita wadda ta tattara dukan abin da namiji ya ke zura ƙafafunsa ciki ya ɗaure a ƙugu, watau wando. In ya yi fāɗi ƙwarai mu ce buje, in ya matse mu ce tsala, in bai kai gwiwa ba mu ce gajeren wando, amma duk wando ne. Wanda ya shiga koyon Ingilishi kuwa sai ya tarar da sunaye barkatai, sun fi goma, kowane da wurin da ya dace da shi. In ya ɗauki wannan ya sa a wurin wancan, ya iya jawo wa kansa dariya a tsakiyar mutane. Kuma da mutum zai bi sunayen nan ɗai ɗai ya tambayi kowane garinsu, sai ya ga kaɗan ne haifaffun Ingila. Sauran duk baƙi ne. Wani yaƙi ya kawo shi, wani fatauci, wani wasan kwaikwayo, wani kuwa kunya ce ta haife shi.

Bari mu fara da wandon kansa. Doki shi ya koya wa mutane sa wando, domin mai zane ko mai doguwar riga ba ya jin daɗin zama bisa doki yini guda. Wando mafi tsufa da masu tonon kayan tarihi suka samu, an tono shi ne a wata maƙabarta kusa da Turfan, can yammacin ƙasar Sin. Na ulu ne, ya shekara wajen 3,000, kuma an binne mai shi tare da kayan doki. Mutanen Farisa da makiyayan dajin Asiya duk masu wando ne tun zamanin da. Amma Yunanawa da Rumawa, waɗanda Turawa su ke ɗauka iyayen gijinsu ne wajen ilmi, sun raina wando ƙwarai. Su yafa mayafi su ke yi, suna ganin wando tufar baubayi ce. Da Rumawa suka ci ƙasar Gol, wadda a ke kira Faransa yanzu, sai suka iske mutanenta da wando suna kiransa da wani suna, Rumawa suka karɓa suka ce bracae. Har wani yanki na ƙasar suka laƙaba masa suna Gol mai wando, don a bambanta shi da yankin da ya riga ya koyi yafa mayafi irin nasu.

Amma sanyi ba ya jin raini. Sojan Rum da a ke turawa tsaron iyaka a ƙasashen arewa suka ga ba dama, suka shiga sa wando su ma, har abin ya biyo su gida. Cikin shekara ta 397 bayan haihuwar Annabi Isa, Sarkin Rum Honoriyus ya kafa doka, ya ce duk wanda aka kama da wando a cikin birnin Rum a ƙwace dukiyarsa, a kore shi daga ƙasa har abada. Dubi girman hukunci a kan tufa! Dokar ba ta hana kome ba. Shekara 13 bayan wannan, watau cikin 410, mutanen Got, waɗanda su ma masu wando ne, suka shiga birnin suka washe shi.

Sunan wando mafi tsufa a Ingilishi ɗan'uwan bracae ɗin nan ne. Kakannin Ingilishi, fiye da shekara 1,000 da suka wuce, suna cewa broc in ɗaya ne, brec in jam'i ne. Da tafiya ta yi tafiya sai jikoki suka manta brec jam'i ne, suka sake ɗora masa wani jam'in, ya zama breeches, ana faɗinsa kamar birichis. Daga baya sunan ya tsaya a kan wandon da ya ke ƙarewa ƙasa da gwiwa kaɗan, a ɗaure shi da maɓalli ko ɗan maɗauri, sa'an nan doguwar safa ta rufe ƙwauri. Wannan shi ne wandon manyan Ingila shekara da shekaru. Kalmar ta yi 'ya'ya kuwa. Da ya ke wando mazaunai ya ke rufewa, sai breech ya zama sunan bayan abu: gindin bindiga inda a ke ɗura harsashi breech ne, haihuwar da jariri ya juyo da baya ita ma da wannan suna likitoci su ke kiranta. A dā kuma yaro namiji a Ingila doguwar riga irin ta mata a ke sa masa, sai ya yi wayo, wajen shekara 6 ko 7, a yi masa wandon fari, a yi ɗan buki, dangi su ba shi kuɗi. Ranar nan ya fita daga hannun mata ke nan. Saboda haka in Bature ya ce mace ce ta ke sa wando a gidan wane, nufinsa abin da mu ke cewa mijin-ta-ce. Da breeches a ke yin maganar a dā, yanzu an sauya da trousers.

Akwai wata matsala wadda ta kan ba ɗalibai wahala, ga kuwa asalinta. Bature ba ya kiran wando da lafazin abu guda. Sai ya ce a pair of trousers, watau wando biyu masu tafiya tare, kamar yadda a ke faɗin takalma. Dalili shi ne, a tsakiyar zamani abin da maza su ke sawa a ƙafa, wanda su ke kira hose, guda biyu ne dabam dabam, kowace ƙafa da nata, kamar doguwar safa, a zura a ɗaure bakinsa da igiya a jikin ɗamara ko 'yar shara. Daga baya madinka suka haɗe su suka yi musu hantsa, suka zama abu guda, amma harshe bai bi allura ba, ya zauna a kan biyu har yau. A Turancin da a ke yi a Nijeriya mutane da yawa su kan ce a trouser. In don hankali ne, ai sun fi gaskiya, gama wando ɗaya mutum ya saya, kuɗin ɗaya ya biya. Sai dai mai duba jarrabawa ba ya bin hankali a nan, jan alƙalami zai sa.

Shi hose ɗin nan, cikin ƙarni na 16 aka raba shi biyu, na sama da na ƙasa. Na sama ya koma breeches, na ƙasa aka kira shi stockings, watau doguwar safa. Gajeriyar safa kuwa, socks, daga Rumawa ta zo: soccus wani ɗan takalmi ne mara nauyi da masu wasan ban dariya su ke sawa. Yau in ka ce hose a Ingila, yawanci tiyon ban ruwa za a miƙo maka, wanda mu kan kira mesa, saboda kamarsa da ƙafar wando. Amma a Jamus har gobe Hose shi ne wando sosai.

To, trousers fa, wadda ita ce sarauniyar kalmomin nan yau? Ita ma ba Ba'ingilishiya ba ce. Daga bakin mutanen Ayalan da na duwatsun Sikotlan ta fito, masu harshen Gelik, waɗanda su ke da wani matsattsen wando mai kaiwa idon sawu, suna kiransa triubhas. Ingilishi suka ji, bakinsu bai iya ba, suka ce trews ko trouse, wajen shekarar 1600 kuma ta zama trousers. Ingilishi na lokacin suna yi wa mutanen nan kallon da Rumawa suka yi wa mutanen Gol. Bayan da mutanen duwatsun Sikotlan suka yi tawaye aka ci su da yaƙi a Culloden cikin 1746, majalisar Landan ta yi doka ta hana su sa tufafinsu na gado, aka jera sunayen tufafin a cikin dokar, har da wandon nan. Wanda ya karya, ɗaurin wata 6. In ya sake, a haye da shi teku shekara 7. Sojan Sarki kaɗai aka ɗauke wa. Sai 1782 aka soke dokar. A Ingila kanta kuwa, duk cikin ƙarnin nan, dogon wando tufar matuƙan jirgin ruwa ne da leburori. Mai mutunci ba ya sa shi.

Abin da ya juya al'amarin daga Faransa ya taso, amma sai mun ratsa ta Italiya tukuna. A Italiya, tun ƙarni na 16, akwai wani irin wasan kwaikwayo na yawo gari gari, wanda kullum mutanen cikinsa ba su sākewa. Ɗaya daga cikinsu wani tsohon attajiri ne na birnin Fenis, marowaci, mai son yara mata, kullum ana yi masa wayo. Sunansa Pantalone, don mutanen Fenis suna yawan sa wa 'ya'yansu sunan wani waliyyinsu Pantaleone. Tsohon nan kullum da jan matsattsen wando ya ke fitowa, har sunansa ya koma kan wandon. Faransawa suka ce pantalon, kalmar da duk wanda ya yi makaranta a Nijar ya sani, Ingilishi suka ce pantaloons.

Da talakawan Faransa suka tashi a kan Sarkinsu cikin 1789, sai tufa ta zama alamar ɓangare. Sarakuna da masu dukiya su ne masu culotte, watau wandon gwiwa da safar siliki. Maƙera da masassaƙa da sauran masu aikin hannu na birnin Faris dogon pantalon su ke sawa. Manya suka yi musu baƙar magana, suka kira su sans-culottes, watau marasa wandon gwiwa. Su kuwa suka karɓi sunan suka mai da shi kirari. Da aka fara sare kawunan manya, wandon gwiwa ya zama abin tsoro ga mai shi, kowa ya nemi dogo. Samarin Ingila suka kwaikwaya, musamman wani ɗan gaye mai suna Brummell, abokin Yariman Ingila, wanda duk abin da ya sa yau gobe shi gari ya ke sawa.

Dattawa fa ba su yarda da sauƙi ba. Cikin 1812 a jami'ar Kambirij aka yi doka a wata kwaleji, cewa ɗalibin da ya shigo ɗakin cin abinci ko ɗakin ibada da dogon wando za a rubuta shi bai zo ba. Ana ma ba da labari wai Wellington, babban sarkin yaƙin nan da ya ci Nafoliyon a 1815, ya je wani gidan rawa na manya a Landan da dogon wando, matan da su ke riƙe da gidan suka sa aka komo da shi daga bakin ƙofa. Amma kafin a yi shekara 20 dogon wando ya ci gari. Breeches ya koma na masu hawan doki, da masu zuwa fada ran buki, da barorin gidan manya. Watau ubangida ya ɗauki wandon lebura, ya bar wa baransa nasa.

A daidai wannan zamani wata irin kunya ta kama Ingilishi. Suka ga ambaton wando a gaban mata rashin ladabi ne, don wando ya kan tuna wa mutum abin da ke cikinsa. Sai suka shiga kewaye. Tun wajen 1790 suka fara kiransa inexpressibles, watau abin da ba shi faɗuwa. Bayansa aka sami unmentionables, abin da ba a ambata, da unwhisperables, abin da ko raɗarsa ba a yi, har da sit-upons, watau abin zama a kai. Rabin abin wasa ne, rabi gaske. Mu da mu ke da matar da ba ta faɗin sunan mijinta, da uwar da ba ta kiran sunan ɗanta na fari, bai kamata mu yi musu dariya da yawa ba. Sai dai mu mutane mu ke yi wa alkunya, su kuwa tsumma suka yi wa.

Yanzu ga inda ɗalibi ya kamata ya buɗe kunne. Mutanen Amurka, da ya ke masu gaggawa ne, suka datse pantaloons wajen 1840, suka ce pants, har yau kuwa shi ne sunan wando na yau da kullum a can. A yawancin Ingila kuwa pants ya koma sunan kamfai. Saboda haka Ba'amurke ya iya yaba wa mutum pants ɗinsa a bainar jama'a ba laifi, amma wanda ya faɗi haka a Landan ya yi abin kunya. Haɗari na biyu ya fi wannan. Cikin 1809 wani marubuci na Amurka, Washington Irving, ya wallafa tarihin birnin Niyok na ban dariya, ya ɓoye sunansa, ya ce wai wani tsoho jikan mutanen Holan mai suna Knickerbocker ne ya rubuta. Da aka buga littafin da hotuna, sai aka zana mutanen Holan na dā da wani wando mai ɓurma wanda a ke tattare shi a gwiwa. Wajen 1859 wando irin wannan ya sami suna knickerbockers, aka datse ya zama knickers. Masu wasan golf suka ƙara masa tsawon inci 4 a ƙasan gwiwa, suka kira nasu plus fours, watau an daɗa huɗu. To, a Nijeriya kalmar ta zauna da ma'anar gajeren wando, ɗan makaranta ya kan ce knicker ba tare da wani tunani ba. A Ingila kuwa tun kafin 1900 knickers ya zama kamfai na mata. Namijin da ya shiga kanti a can ya ce a ba shi knickers daidai jikinsa, ya gamu da kallo. Shorts ya kamata ya ce.

Mata ma suna da nasu babin. Cikin 1851 wata mace a Amurka, Amelia Bloomer, mai buga jarida don mata, ta shiga yabon wata sabuwar shiga, gajeriyar riga bisa buje irin na Turkawa mai tattararren baki a idon sawu. Hujjarta ita ce dogayen rigunan zamanin suna da nauyi, suna sharar ƙazantar titi, suna hana mace aiki. Ba ita ta ƙago shigar ba, wata Elizabeth Miller ce ta fara sawa, amma sunan mai jarida ya bi wandon, aka ce bloomers. An yi musu ba'a a titi da cikin jaridu har yawancinsu suka bari. A Faris kuwa tun 1800 akwai dokar 'yan sanda cewa macen da ta ke so ta sa tufafin maza sai ta karɓi takardar izini. An daɗe da daina aiki da ita, amma sai cikin 2013 gwamnatin Faransa ta bayyana a fili cewa dokar ta mutu.

Mulkin da Ingilishi suka yi a Indiya ya cika musu adaka da sunaye. Pyjamas kalmomi biyu ne na Farisanci da suka bi ta harshen Urdu, pay ƙafa, jama tufa. A can wando ne mai zariya da a ke yawo da shi da rana, irin namu, Turawa suka mai da shi na barci. Dungarees daga dungri ne, wani yadi mai kauri na talakawa da a ke sayarwa a Bombai, wadda a ke kira Mumbai yanzu. Jodhpurs, wandon hawan doki mai fāɗi a cinya matsattse a ƙwauri, sunan birnin Jodhpur ya ɗauka. Wani ɗan sarautar birnin, Pratap Singh, ya je Ingila cikin 1897 bukin cikar Sarauniya Biktoriya shekara 60 a kan gado, mahaya suka ga wandonsa suka kai wa madinkansu. Akwai kuma ɗaya wadda ta iso har cikin bakinmu. Khak a Farisanci ƙura ce ko ƙasa, khaki kuwa abu mai launin ƙasa. Wani hafsa mai suna Lumsden, wanda ya kafa wata runduna a iyakar Indiya ta arewa cikin 1846, ya ga jar riga tana nuna soja ga maharbi tun daga nesa, sai ya sa aka rina tufafin mutanensa launin ƙura. Kaki ke nan da mu ke faɗi. Rundunar sojan Afirka ta Yamma, wadda Lugga ya fara tarawa cikin 1897, kuma Hausawa suka yi yawa a cikinta, an san ta da gajeren wandon kaki, da jar dara, da wani dogon ƙyalle da a ke naɗewa a ƙwauri tun daga idon sawu har gwiwa. Sunan ƙyallen puttees, daga patti na Indiyawa, watau tsiri ko maɗauri.

Saura wandon da ya mamaye duniya a zamanin nan, wanda yaranmu su ke kira jins. Birnin Janowa na Italiya ya shahara da wani yadi mai ƙarfi da matuƙan jirgi su ke sawa. Faransawa suna kiran birnin da wani suna mai kama da Jen, Ingilishi kuwa tun ƙarni na 16 suka sa wa yadin suna jean. Ɗan'uwansa denim an ɗauko shi daga serge de Nîmes, watau yadin garin Nim na kudancin Faransa. Sunayen na Turai ne, amma wandon a Amurka aka haife shi. Wani madinki mai suna Jacob Davis, a garin Reno, ya lura wandunan ma'aikata a bakin aljihu su ke fara yagewa, sai ya riƙa buga 'yar ƙusar jan ƙarfe a kusurwar kowane aljihu. Ciniki ya buɗe. Ya ji tsoron kada a sace masa dabara, ga shi ba shi da kuɗin karɓar takardar hukuma wadda ta ke hana kwaikwayo, sai ya rubuta wa attajirin da ya ke sayen yadi wurinsa, Levi Strauss, mutumin Jamus mazaunin San Faransisko. Suka haɗa kai, aka ba su takardar ran 20 ga Mayu, 1873. Su ma ba jeans suka kira shi ba, waist overalls suka ce, watau abin da a ke ɗorawa bisa tufafi don aiki, mai tsayawa a ƙugu. Shekara wajen 80 yana wandon masu haƙar ma'adini da makiyayan shanu da manoma. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da samari suka ga jaruman sinima da shi, suka ɗauka, suka kira shi jeans, kamfanin ma ya bi bakinsu.

Launinsa kuwa ba baƙo ba ne gare mu, shuni ne, irin wanda a ke samu daga baba, wanda marinan Ƙofar Mata a Kano da na Kura suka san sirrinsa tun kaka da kakanni. Zaren tsaye kaɗai a ke rinawa, a bar na kwance fari, shi ya sa cikin wandon ya fi bayansa haske. Shuni kuma ba ya ratsa zare har ciki, a bisa ya ke kwanciya, don haka jins ya kan koɗe a gwiwa da cinya, kamar yadda turkuɗi ya ke zuba a jikin Buzu. Sai dai shunin jins na yanzu ba daga gona ya ke fitowa ba. Cikin 1897 wani kamfanin Jamus mai suna BASF ya fara sayar da shunin da aka haɗa a ma'aikata, kafin shekara 20 kuwa noman baba, wanda Indiya ta ke ci da duniya da shi, ya durƙushe.